Ranar da Irimiya ya ɗora dutse a kan zanin Zumunta

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar ɗana Irimiya, malamin fiziks a wata sakandare da ke kan hanyar Rido. Bai yi doguwar jinya ba, sati uku ne, Ubangiji ya kira shi yana da shekara talatin da huɗu. Ya bar matarsa Hannatu da 'ya guda, Godiya, wadda shekararta huɗu a lokacin. Yau ta kai goma sha shida, ta fi ni tsawo, kuma saboda ita ne na ɗauki biro.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Ban shiga aji ba sai da na haura hamsin, a ajin yaƙi da jahilci na cocinmu da ke Sabon Tasha. Inda na yi tuntuɓe ku ɗaga ni, mu wuce.

Kowace shekara idan ranar ta zagayo, mukan yi addu'a a gida. Fasto ya zo, a yi waƙa biyu, mutane su tashi ɗaya bayan ɗaya su yi magana. Mutumin kirki ne. Ba ya faɗa da kowa. Mai tsoron Allah ne. A ci shinkafa a watse. Bara, bayan baƙi sun tafi, muna wanke kwanuka ni da Godiya, sai ta ce da ni, ba da fushi ba, kanta a sunkuye:

"Kaka, kullum sai ku ce mutumin kirki ne. Ni fa ban san shi ba. Hoton bango na sani, shi ma ko murmushi ba ya yi."

Na ci gaba da wanke kwanukana. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji shekara guda cur. Na ga laifinmu ne. Mun yi ta wanke Irimiya muna goge shi, har ya zama wani mutum da ni kaina da na haife shi ban gane ba. Ƙafafuna sun fara nauyi, kuma abin da nake tsoro ɗaya ne: in tafi in bar yarinyar nan ba ta san ubanta ba.

To bari in faɗi gaskiya. Irimiya ba mala'ika ba ne. Mai surutu ne, mai gardama, kuma mai ɗaukar kayan mutane ba tare da ya tambaya ba. Shi ya matsa mini na shiga ajin nan. Da ya duba littafin da aka ba mu, ya ce wannan zai sa ni barci, sai ya sayo littafin rubutu ya riƙa rubuta mini nasa darasin da manyan baƙaƙe. 'Yan ajinmu suna karanta labarin zuwa kasuwa, ni ina fama da taurari. Layin farko da na karanta da kaina, ba wanda ya taimake ni, shi ne: "Sarari yana faɗaɗa." Tun bayan abincin rana nake kansa har rana ta yi sanyi. Da na gama haɗa shi na ce, to, ya faɗaɗa mana, wa ya hana shi?

Abin da ya sa matan cocinmu ba za su manta da shi ba kuwa, zanina ne na Zumuntar Mata. Wanda bai sani ba, zanin Zumunta ba zani ba ne kamar sauran. Iri ɗaya muke ɗaurawa dukanmu, ba a zuwa kasuwa da shi, ba a ba da aronsa, a ƙasan akwati yake kwana a ninke. Wata Juma'a Irimiya yana neman ƙyalle mai ƙarfi da zai nuna wa ɗalibansa wani abu, ya buɗe akwatina ina coci, ya zaɓi wanda ya fi kowane kauri. Ya haɗa da ɗan dutsen niƙana. Ashe yini ya yi yana sa yara suna riƙe zanin, yana ɗora dutse a tsakiya, aji bayan aji. Da yamma ya ninke shi tsaf ya mayar inda yake, bai ce mini uffan ba.

Ranar Lahadi bikinmu ne na mata. Na ɗaura zani cikin sauri, ban duba madubi ba. Mun jeru muna shiga da waƙa da rawa, sai na ji Maman Dung, ƙawata 'yar Filato da ke bayana a layi, tana raɗa mini:

"Maman Irimiya, me kika goyo a nan baya? Ƙwarya ce?"

Na kai hannu. Tsakiyar zanin ya buɗe ya yi tulu, ga shi daidai inda bai kamata ba. Haka na yi rawar nan har gaban coci, layin baya gaba ɗaya suna waƙa suna shaƙewa da dariya.

Shugabarmu Mama Laraba ba ta wasa da yunifom. Da ta ji yadda aka yi, ta ce ba ni da laifi, mai laifi ya zo da ƙafarsa ranar taronmu ya yi bayani a gaban iyayensa mata. Ni na ɗauka zai zo ya durƙusa ya ba da haƙuri. Sai ga shi da dutsen a hannu, aljihunsa cike da lemun tsami.

"Iyayena, na yi laifi," in ji shi. "Amma tunda zanin ya riga ya lalace, ku bari ku ga abin da ya mutu dominsa."

Ya sa mu huɗu muka riƙe kusurwoyi: ni, da Maman Dung, da Mama Laraba, da marigayiya Mama Asabe. Ya ce mu ɗauka zanin nan shi ne sarari, wato filin da rana da wata da taurari suke ciki. Ya ce mu muna ganin kamar fanko ne, alhali abu ne mai lanƙwasuwa. Ya ɗora dutse a tsakiya, zani ya lotsa. Ya gangaro da lemu daga gefe, sai lemun ya ƙi tafiya miƙe, ya kama zagaya dutsen. Ya ce haka rana ta lotsa sarari, duniya kuma tana bin lotsawar tana zagaye, ba igiya aka ɗaura mata ba. Sannan ya ce mu duba saƙar zanin, akwai zaren tsaye akwai na kwance. Haka aka saƙa sarari da lokaci tare, in ɗaya ya lanƙwasa dole ɗayan ya bi. Har ma kusa da abu mai nauyi sosai, lokaci yakan rage gudu.

Mama Laraba ta ce, "Ashe shi ya sa in Fasto ya fara wa'azi agogo yake tsayawa." Fastonmu na lokacin, Allah ya ba shi jiki.

Da dariya ta lafa sai ya shiga abin da ya fi ƙauna a duniya. Ya ce masana sun daɗe da sanin cewa garken taurari suna nesa da juna, kowane garke yana guje wa ɗan'uwansa, domin sararin da ke tsakaninsu yana ƙaruwa. Sun ɗauka gudun zai riƙa raguwa, tunda duk abu mai nauyi yana janyo ɗan'uwansa, kamar yadda in ka jefa dutse sama yake rage gudu kafin ya dawo. Da suka auna hasken wasu taurari masu fashewa can nesa, sai suka tarar gudun ƙaruwa yake yi. Ka jefa dutse sama, maimakon ya gaji sai ya ƙara mai. To akwai abin da ke turawa. Turawa suka sa masa suna dak enaji, shi kuma Irimiya yakan ce ɓoyayyen ƙarfi, don ba a ganinsa, kuma har yau ba wanda ya san ko mene ne.

Ya ce mu ja da baya a hankali, kowa da kusurwarta. Muka ja, zani ya miƙe, lemukan da ya jera a gefe suka yi nesa da juna. Sai ya ɗaga hannu ya ce mu tsaya, a nan zanin ya yi mana ƙarya. A sama babu wasu mata huɗu da ke ja daga gefe, gefen ma ba a san da shi ba. Turawar daga cikin saƙar take fitowa, daga kowane zare. Nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci ta yadda abubuwa za su taru, wannan kuma yana lanƙwasa su ta ɗaya hannun, ta yadda za su watse. Ya ce in za a kasa duk abin da ke cikin halitta kashi goma, kusan bakwai wannan ɓoyayyen ƙarfi ne. Mu da coci da Kaduna da rana da dukan taurari, ko kashi ɗaya ba mu cika ba.

Maman Dung ta saki kusurwarta ta dafa ƙugu. "Yauwa! Na gode, ɗana. Shekara uku zanina yana ƙin zagaye ni, maigida yana ta yi mini gori. Ashe faɗaɗar sarari ce."

"A'a, Mama," in ji shi. "Abin da ke riƙe da kansa ba ya faɗaɗa. Ƙarfin nan sai a can inda babu komai yake da iko. Naki tuwo ne."

Ta bi shi da ɗankwali har bakin ƙofa. Hukuncin da aka yanke masa shi ne ya share coci Asabar huɗu, ni kuma aka yarda in ɗinka sabon zani. Tsohon ban yar ba.

Abu ɗaya ne muka yi ta gardama a kansa ni da shi har ya bar duniya. Ya ce abin mamakin ɓoyayyen ƙarfin nan shi ne, duk yadda sarari ya ƙaru, shi ba ya raguwa. Kowane sabon taki na sarari yana zuwa da nasa rabon cif, kamar na jiya. Ni kuwa na ce ban yarda ba. Shekara arba'in ina gaban murhu, ban taɓa ganin miyar da za a yi ta ƙara mata ruwa gishirinta yana nan yadda yake ba. Baƙi sun sha zo mini ba shiri, na san abin da ruwa ke yi wa miya.

"Mama, sama ba tukunyarki ba ce."

"Wanda ya yi saman shi ya yi gishirin."

Sai ya yi ta zaro mini lissafi, ni kuma in ci gaba da gyaran wakena. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban kuma taɓa sauka daga maganata ba. Wannan ya fi komai ba shi haushi.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai gani? Sabon Tashan da ya bari ta miƙe ta cinye gonakin da muke zuwa roron gyaɗa, Keke mai ƙafa uku ta cika hanya, ba ka tsallaka titi sai da addu'a. Na san zai ce ga faɗaɗa nan a ƙofar gida. Zai ga yara kowa da waya a hannu, duk littattafan da ya yi ta roƙon aro a wurin abokai suna cikinta, amma rawa suke kallo. Wannan zai sa shi surutu har a gudu a bar shi. Zai kuma ga uwarsa tana buɗe Littafi Mai Tsarki da kanta a taron mata, ba ta jiran a karanta mata. A nan ina jin zai yi shiru, ko da na minti ɗaya ne.

Bana da ranar ta matso, na kira Hannatu na ce mata ina da roƙo. Fasto ya zo da safe ya yi addu'a gajeriya, kada kowa ya tashi ya yi jawabi, da rana kuma a bar mini tsakar gida. Ta dube ni, don ban saba tsara wa mutane abu ba, amma ta ce, "Yadda kika ce, Mama."

Da ranar ta zo, ƙawayena suka hallara, na fito da tsohon zanin, tulunsa yana nan. Dutsen niƙa sai da muka neme shi, tunda yanzu inji ake kai niƙa. A bakin akurkin kaji muka same shi yana tokare ƙofa. Mama Asabe ta riga mu gidan gaskiya. Mama Laraba da sanda take tafiya, sai muka ba ta kujera ta riƙe kusurwarta a zaune. Maman Dung tana nan, zani har yau bai zagaye ta ba. Hannatu ta kama ta uku. Na ce Godiya ta kama ta huɗu, ni ce malama yau.

Ta kama da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. "Kaka, mun yi wannan a makaranta fa."

"Da zanin Zumunta kuka yi?"

Maman Dung ba ta jira ba, ta fara ba ta labarin ƙwarya da rawa, har da tashi ta gwada yadda na riƙa tafiya a gaban coci. Na ga bakin yarinyar ya motsa. Na ɗora dutse na gangaro da lemu, ya zarce ta gefe ya faɗi ƙasa, kaza ta bi shi da gudu. Na biyu ma haka. A na uku Godiya ta sa wayar a aljihu ta ce, "Kaka, ba a tsakiya za ki nufa ba, ta gefe za ki tura shi." Na tura ta gefe, ya zagaya sau uku kafin ya kwanta jikin dutse. Mama Laraba ta yi guɗa daga kan kujera.

Na faɗi abin da na riƙe, yadda ya faɗa mana. Inda na manta matan suka cika mini, kowa da guntun da ya maƙale mata shekaru goma sha wani abu. Mama Laraba ce ta tuna da cewa babu masu ja daga gefe. Maman Dung kuwa maganar tuwo kawai ta riƙe, ta kuma faɗe ta sau biyu.

Daga nan na shiga ɗaki na ɗauko littafin da ya rubuta mini, na miƙa wa Godiya. Ban taɓa nuna mata ba. Ina jin kunya ce, don duk gefen shafukan cike suke da karkatattun baƙaƙena na koyo. Ta yi ta buɗawa a hankali. Ta kai wani shafi ta tsaya, ta karanta da ƙarfi: "Ɓoyayyen ƙarfi ba ya raguwa ko sarari ya ƙaru. Mama ta ce ba ta yarda ba." A ƙasa ya ja layi biyu.

"Me ya sa ba ki yarda ba?"

Na ba ta labarin miya. Ta ce bari a gani, ta zaro waya, don ita ma ba a gama gardama da ita cikin sauƙi. Ta yi ta dannawa, mu muna riƙe da zani kamar masu shanya. Can sai ta ɗago, idonta a buɗe.

"Kaka! An ce a 'yan shekarun nan wasu masu bincike sun auna garken taurari masu yawan gaske, sun ga alamar wai ƙarfin yana iya raguwa da tafiyar lokaci. Ba su tabbatar ba tukuna, ana kan gardama. Amma Kaka, in haka ne kin ci Baba! Kin cinye shi da miya!"

Na ce a'a, tunda ba a tabbatar ba kada mu ɗauki alhakin wanda ba ya nan ya kare kansa. Amma a cikin raina, ku yafe mini, na ɗan yi rawa. Abin da ya fi wannan kuwa, ban taɓa jin ta ce Baba da irin wannan murya ba, muryar da ake tsokanar mutum da ita.

Ta tambayi ko zai ji haushi da yana nan. Hannatu ta ce ina, ai murna zai yi, ya fi son a kama shi da kuskure a kan a ce masa to. Zai yi musu kwana uku, ran na huɗu ya fashe da dariya.

"Yaya dariyarsa take?"

Muka dubi juna. Maman Dung ta ce ita za ta gwada, ta yi wani abu kamar ana tayar da janareta mai ƙin tashi. Mama Laraba ta ce ƙarya ne, ba haka ba ne, ta yi nata, ya fito kamar akuya mai mura. Ni na gwada, tari ya sarƙe ni. Sai Hannatu, wadda ba ta da yawan magana, ta saki kusurwarta. Kafaɗunta suka fara rawa ba sauti, ta riƙe ciki, ta ja numfashi ta hanci da wata 'yar ƙara, sannan abin ya ɓarke. Shi ne. Shi ne sak.

Godiya ta ce, "Mama, sake yi."

Ta sake, tana yi hawaye na zuba, mu duka muna dariya muna share ido.

Ban san me ya rage na Irimiya a makarantar da ya koyar ba. Ɗalibansa sun watsu, wataƙila wasu suna tunawa. Lissafinsa ma ga shi ana cewa mai yiwuwa a gyara. Godiya kuma ta ce ita lauya za ta zama, fiziks ba nata ba ne, ban kuwa ce mata don me ba. Abin da na gani da idona shi ne, mutumin yana nan a rarrabe a wurin waɗanda ya dama: guntu a bakin Maman Dung, guntu a kan Mama Laraba, babban rabo a ƙirjin Hannatu, saura a wurina. Mun yi shekara goma sha biyu kowa na ɓoye nata don kada a ce ba mu girmama mamaci ba. Ashe fitowa da shi ya kamata mu yi, da rigimarsa da komai.

Tun ranar yarinyar nan ba ta bar ni na huta ba. Me yake ci, me ya ƙi, wa ya fara yi wa wani magana tsakaninsa da mamanta. Jiya ina tsince shinkafa ta zo ta tsaya a kaina, wai ko ya taɓa shan duka a hannuna. Na ce ta jawo kujera ta sa hannu a tire, wannan labarin yana da tsawo.